Shafi na Uku

Ranar Alhamis da ta wuce, da misalin ƙarfe goma na safe, wasiƙar da marigayi Baba Malam ya bar wa ɗansa ta dawo hannun wadda ta buga ta. Masinjan kotu ne ya ajiye ambulan a kan teburinta, tsakanin tafireta da tarin fayiloli, ya ce wani dogon mutum mai tabarau ya ba shi a bakin ƙofa, bai bar sallahu ba. Ta buɗe ta ƙirga. Shafi uku ta bayar, biyu suka dawo.

Wadda ta buga wasiƙar ita ce ƙaramar 'yar marigayin. Shekararta arba'in da ɗaya, da 'ya'yanta uku, amma a gidansu har gobe Auta ake ce mata. Shekara goma sha shida ke nan tana buga bayanan shari'a a ƙaramar kotun da ke bayan kasuwa, kuma alƙalai huɗu da ta yi aiki da su babu wanda ya taɓa kama ta da ƙara kalma ko rage ta. Dogon mutumin yayanta ne, wanda ke duba kurakurai a wata maɗaba'a a wani gari mai nisan awa shida a mota. Kafin jana'izar, rabonsa da gidan ubansa shekara goma sha tara.

Baba Malam ya yi shekara talatin da huɗu yana koyarwa a makarantar horar da fastoci. Darasinsa ɗaya ne, yadda aka rubuta Littafi Mai Tsarki, kuma matsayinsa bai taɓa canzawa ba: Ruhun Allah ne ya hure shi, mutane ne suka rubuta shi, kowane da irin bakinsa da irin tarbiyyarsa. Ɗalibai kan tambaye shi kashi nawa ne na Allah, kashi nawa na mutum. Yakan ce ba gado ake rabawa ba, duka na Allah ne, duka kuma na mutanen ne. Masunci ya rubuta kamar masunci, likita kamar likita. Bayan Auta ta kama aiki sai ya samu sabon misali, yana cewa Allah bai mai da manzanni irin tafiretar Auta ba. Abin da ya fi so shi ne wurin da wani manzo, yana kurkuku, ya roƙi a kawo masa mayafin da ya bari a gidan wani. "Mutumin da ke jin sanyi ne ya rubuta wannan," in ji Baba Malam, "kuma Ruhu bai ji kunyar sanyinsa ba."

Ɗan nasa ya bi sawunsa, ya yi makarantar, ya fi kowa maki a ajinsu. Ranar da kwamitin dattawa ya zauna tantance waɗanda za a naɗa, uban ne ke shugabanta. Aka tambayi ɗan ko ya gaskata Nassi hurarre ne daga Allah. Ya ce ya ga hannun mutane a kowane shafi, ɗayan hannun ne yake nema. Ya ƙara da cewa wanda ya iya barin mayafinsa a gidan mutane zai iya barin wani abu a wajen wasiƙa. Dattawa biyu suka ce yarinta ce, a ba shi shekara guda. Baba Malam ya rufe biro, ya tura takardar shaidar gefe ba sa hannu. Kafin sati ya zagayo ɗan ya bar gari. Ko da uwarsu ta rasu, a maƙabarta ya tsaya, daga can ya koma tasha.

A watan uku na bana jini ya bugi Baba Malam. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Mutumin da ke tsayawa awa biyu gaban allo ya koma sai ya yi gumi kafin kalma ɗaya ta fito. Aka dawo da shi gida, aka sa gadonsa a ɗakin karatunsa, kusa da taga, littattafansa a jere har rufi. Yayarsa, wadda kowa ke kira Gwaggo, ta tare a gidan da shekarunta tamanin da ɗaya da sandarta. Auta kan zo ƙarfe huɗu idan ta tashi aiki, ta ba shi abinci da cokali, ta zauna har biyar da rabi.

Wata Litinin ya nuna hoton ɗan a bango da hannun hagu, ya ce, "Wasiƙa."

Ita ta tsara yadda za a yi, kuma tsarin kotu ta ɗauko, don shi ta sani. Ta sayi littafin rubutu mai kauri. A shafin hagu takan rubuta abin da ya fito daga bakinsa, kalma da kalma, ba ƙari. A shafin dama takan gina jimla a kan kalmar, ta karanta masa a hankali, hannunta a cikin hannunsa na hagu. Matsa ɗaya, ya yarda. Matsa biyu, bai yarda ba. A gefen kowace jimla ta zana ɗan akwati, inda take sa alamar daidai ko ta gicciye.

Ranar farko ta rubuta, "Ɗana abin ƙaunata, sanyin idanuna." Ya matse ta sau biyu har zobenta ya shiga nama.

Gwaggo, da ke bakin ƙofa tana ɓare lemo, ta tuntsire da dariya. "Ke Auta, wannan mai taurin kan ko uwarku bai taɓa ce wa sanyin ido ba. Rubuta masa 'kai', ki wuce."

Ta rubuta "Ɗana" kawai. Matsa ɗaya.

A rana ta huɗu ya ce, "Keke." Ta rubuta labarin baƙin keken da yake hawa zuwa wa'azi a ƙauyuka. Matsa biyu. Ta rubuta ranar da aka sace keken a ƙofar majami'a. Matsa biyu, ya kuma kawar da kai wajen taga kamar yadda yake yi wa daƙiƙin ɗalibi. Tana zaune sai wani abu ya faɗo mata wanda ta yi shekara talatin ba ta tuna ba. Tana 'yar shekara biyar a zaune a dokin ƙofa, Baba yana gudu a bayan keken, riƙe da sirdi, Yaya yana tuƙawa yana ihun kada a sake shi, alhali tuni an sake shi, Baba yana tsaye can baya yana haki. Ta rubuta shi yadda ta gan shi, ta karanta. Matsa ɗaya, mai tsawo.

"Wannan wasiƙa ce ko shari'ar fili?" in ji Gwaggo a rana ta bakwai. "Manzannin da yake koyarwa ma ba su daɗe haka ba."

Kwana goma sha ɗaya aka yi. A na ƙarshe ya nuna aljihun tebur na ƙasa, ya ce, "Takarda." Ta jawo, ta samu fayil shuɗi, a cikinsa takardar shaidar nan, ta yi ja don daɗewa amma ko lanƙwasa babu, gurbin sa hannun shugaba a buɗe. Ta ɗaga masa. Hawaye ya gangaro ta idon hagu. Ya ce, "Ɗana." Ya sake yunƙurin wata kalma, ba ta fito ba.

Ta rubuta: "Takardar da na ƙi sa wa hannu tana nan, ban iya jefar da ita ba. Dattawa sun ce a ba ka shekara guda, ni na hana. Na yi gaggawa. Ka yafe mini." Ta karanta masa sau ɗaya, muryarta a daidaice kamar a gaban alƙali.

Hannunsa ya rufe a kan nata, ya tsaya a haka. Ta jira ya saki don ta ƙirga. Bai saki ba. Ta kalli agogon bango, minti huɗu, biyar. Numfashinsa ya yi nauyi, idanunsa suka rufe, yatsun suka saku da kansu kamar na mai barci. Ta ce gobe za ta sake karantawa. Washegari da azahar ya cika, bai farka ba.

Ta bar akwatin ba alama. Amma da ta zauna gaban tafireta a ofis, lokacin hutun rana, ta buga sakin layin tare da sauran, shi kaɗai a shafi na uku, ta rufe da "Babanka." Duk takardar da ta taɓa fita daga tafiretarta tana ɗauke da harufan sunanta a ƙasa daga hagu, ƙa'idar aiki ce. Wannan ce kaɗai ta bari babu su.

Yaya ya zo jana'iza, ya tsaya a layin baya. Bayan an rufe kabari ta miƙa masa ambulan, ta ce, "Baba ya bar maka." Ya sa a aljihu. Washegari da safe sai ga shi a ƙofar gida da jakarsa, idanu jajaye. Ya durƙusa ya gaishe da Gwaggo, ta dungure masa kai da sanda, ta ce, "Ɗan banza, sai da ya mutu ka san hanya," sannan ta rungume shi tana kuka. Kwana uku ya yi a gidan. Ya gyara famfon bayan gida, ya goge littattafan ubansa ɗaya bayan ɗaya, ya zauna a kujerarsa. Ranar Lahadi ya bi su majami'a, karo na farko cikin shekara goma sha tara, ya zauna a gefen Auta, ko da yake bai buɗe baki a waƙa ba.

Ranar Litinin da yamma tana shigowa daga aiki ta same shi a ɗakin karatu, wasiƙar a kan gwiwarsa.

"Auta, Gwaggo ta ce tun watan uku Baba bai haɗa kalma biyu ba."

"Haka ne."

"To wa ya rubuta wannan?"

Da wata ce, da ta ce ya faɗa a hankali ta rubuta, magana ta mutu a nan. Auta ta yi abin da shekara goma sha shida suka koya mata: idan an yi tambaya, a kawo shaida. Har da ɗan alfahari ta ɗauko littafin mai kauri daga jakarta, ta bayyana masa shafin hagu da na dama, da matsa ɗaya da matsa biyu. A tunaninta duk wanda ya ga wahalar da tsohon ya sha zai ƙara riƙe wasiƙar da hannu biyu. Ta manta wa take miƙa wa. Mutum ne da aka horar shekara huɗu a kan rarrabe hannun marubuta a cikin nassi, ya kuma yi shekara goma sha tara yana cin abinci da gano inda wani ya taɓa rubutun wani.

Ya ciro jan fensir daga aljihun gaba, ya bi shafukan hagu yana ƙirgawa da leɓe. Ta tafi ta dafa shayi, ta dawo, bai gama ba.

"Hamsin da uku," ya ce.

"Me ke nan?"

"Kalmomin Baba. Hamsin da uku, a wasiƙa mai kalma ɗari bakwai. Sauran naki ne."

"Babu jimlar da bai ji da kunnensa ba, Yaya."

"Mutum yana kwance, wadda ke ba shi abinci a baki ta karanta masa abu ta ce ya matsa. A kotunku ana karɓar wannan?"

"Ka ƙirga gicciyen ma, tunda ƙirga ka iya. Sittin da takwas. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya ƙin abu sau sittin da takwas. Dubi nan, sau biyu ya ƙi min keken."

"Keken ke kika tuna shi. Kina bakin ƙofa da majina a hanci, na gan ki."

"Shi ya ce keke. Ni ina ruwana da kekenku? Shekara talatin ban tuna ba sai da ya sa ni."

"Amma ganinki ne. Baba bai ga kansa yana haki ba, ke kika gan shi."

"To da wane ido kake so in rubuta? Nawa gare ni."

Ya yi murmushin da ba na daɗi ba. "Kin haddace darasinsa tsaf. Duka nasa, duka naki."

"Tambayar da ka yi masa a gaban dattawa ita kake yi min."

"Shi ma bai amsa ba. Biro ya rufe."

Gwaggo ta leƙo. "Ku biyun nan, kabarin bai bushe ba kun buɗe makaranta? Ku sha shayinku."

Babu wanda ya taɓa kofi. Yaya ya ci gaba da buɗe shafuka, yana bin akwatunan da bakin fensir, har ya kai na ƙarshe. Fensirin ya tsaya.

"Ina alamar wannan?"

Ta gaya masa. Ba ta rage komai ba: fayil shuɗi, hawaye a idon hagu, kalma biyu, riƙon da bai saki ba, minti biyar a agogon bango.

"Ɗaya ne ko biyu?"

"Riƙewa ya yi."

"Na ji. Ɗaya ne ko biyu?"

"Ban sani ba."

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. Da ya sake magana muryarsa ta yi ƙasa. "Me ya hana ki sa alamar, Auta? Layi ɗaya ne da biro. Da har in mutu ban sani ba."

"Abin da ban gani ba ba na rubutawa."

"Amma kin buga shi a wasiƙa."

A kotu ta sha ganin mai shaida ya kai wannan wurin, inda lauya ke yin shiru ya bar shi da kansa.

"Ya ajiye takardar shekara goma sha tara," ta ce daga baya. "Ko lanƙwasa babu."

"Ya ajiye. Hannun hagunsa yana aiki, har zobe ya nutsa miki a yatsa. Biro na hannunki, takarda na gabansa. Ya nema?"

"Bai nema ba."

"Kwana uku ina kwana da shafin nan a ƙarƙashin matashi, kamar yaro." Ya ninke wasiƙar, ya sa a aljihu, ya ajiye mata littafinta a kan tebur a hankali. "Ba na ce kin yi ƙarya ba. Kin so ni da alheri. Abin da nake jira daga bakinsa nake jira."

Da safe kafin ta zo ya tafi. Gwaggo ta ce ya durƙusa ya yi mata sallama yadda ya kamata, ya kuma nuna mata yadda za ta riƙa rufe famfon.

Kwana tara suka biyo baya ba labari. Auta ta ci gaba da zuwa aiki. Tsakanin fayil da fayil takan sa hannun damanta a cikin na hagu ta matsa, tana gwada tsawon riƙon, ko za ta tuna wani ɗan sassauci a tsakiya wanda zai mai da shi biyu. Wata rana takan ji babu shakka yarda ce, irin doguwar matsar da ya yi a kan keke. Wata rana takan tuna yadda likita ya ce hannun mai irin wannan ciwo yakan damƙe da kansa.

Ranar Lahadi Fasto ya yi karatu daga ɗaya daga cikin wasiƙun manzanni. Tun tana yarinya take jin irin wannan karatu, ba ta taɓa tunanin wanda ya riƙe alƙalami ba. A ranar ta kasa tunanin kowa sai shi: yana zaune a ƙasa, ana faɗa yana rubutawa, yana karantawa a ji, ana cewa goge. Ta tuna Baba yana nuna wa ɗalibai wurin da wani magatakarda ya tsaya a ƙarshen wata wasiƙa ya ce shi ne ya rubuta ta, ya sa tasa gaisuwar. Baba yakan ce mutumin bai ɓoye hannunsa ba, Ruhu kuma bai sa a goge shi ba. Ita ta ɓoye nata. Da ta sa harufan sunanta a ƙasa, da layi ɗaya mai cewa ga yadda aka yi, wataƙila da Yaya ya karanta da wannan sanin tun farko, bai yi kwana uku a kan abin da za a zare masa ba. Wataƙila kuma da bai zo gidan ba sam. Aka tashi addu'a, ta tashi tare da jama'a.

Sai ranar Alhamis ambulan ya zo. A shafi na ɗaya da na biyu an ja layi da jan fensir a ƙarƙashin kalmomin Baba, kowace a inda ta faɗa a cikin jimlolin Auta: wasiƙa, ɗana, keke, uwarka, ruwa, makaranta. Babu wani rubutu a gefe. Ta duba kusurwar da ta haɗa shafukan da fil. Ba a yage komai ba. An buɗe fil ɗin da farce ko bakin wuƙa, an zare shafi na uku, an mayar da fil ɗin a ramukansa na farko an danne.

Ta fita bakin ƙofar kotu, ta duba titi hagu da dama, babu shi. Ta tambayi masinja ko mutumin ya ce wani abu. Ya ce ya tambaya ne kawai ko nan ne ofishin mai buga takardu, ya kuma ce a ba ta hannu da hannu.

Da yamma ta kai wa Gwaggo shafukan. Tsohuwar ta juya su, ko da yake ba ta iya karatu ba tare da tabaranta ba.

"Ya riƙe wanda yake so," in ji ta. "Ɗan ubansa ne. Shi ma haka ya riƙe tasa takardar."

"Ko kuma ya dawo da wanda ya yarda na Baba ne, ya jefar da nawa."

"Mai jefarwa yana tsayawa gyaran fil?"

"Yaya kam zai tsaya."

Gwaggo ta mayar mata da shafukan, don ta san gaskiya ne.

Ranar Juma'a Auta ta buga waya maɗaba'ar. Wanda ya ɗauka ya ce ya karɓi hutun sati biyu, bai faɗi inda za shi ba. Fayil shuɗin yana nan a aljihun tebur na ƙasa, ta duba, takardar na ciki. Littafin mai kauri yana cikin jakarta, kuma har zuwa jiya da ta tashi aiki, akwatin da ke gefen sakin layi na ƙarshe babu alama a cikinsa.